Malami da Kwalbar Garin Dabino

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina Malami na Sanyinna, bayan jinyar ƙirji da ta daɗe tana cin shi. Ni Na'iya ban yi karatu ba. Ɗiyata Anisa ke rubutawa, kuma na hana ta gyara mani magana.

Malami, kowa ya san ba mu cika shiri ba. Awakinka sun cinye mani dashen dabino har sau biyu. A kasuwar Dogon Daji ka ce gaban mutane wai itacen da na dasa ko tsuntsu ba zai sauka kansu ba. Ban manta ba. Amma dabinona duk mata ne, kuma namiji ɗaya tak ke unguwarmu, shina bayan gidanka. Macen dabino ba ta haihuwar kirki sai an sa mata garin furen namiji. Dole kowace shekara in zo ƙofarka in yi sallama.

Ba ka taɓa hana ni ba, wannan na shaide ka. Da safe kake yanko furen da zarar kwasfarsa ta tsage, ka shanya a inuwa bisa faifai, don ka ce rana tana kashe shi. In ya bushe ka kakkaɓe garin cikin kwalba, ka toshe, ka binne ta cikin yashi a kusurwar ɗaki mai sanyi. Ka ba na Kebbe, ka ba na Fakku, ka ba Fulanin da sunka dasa biyu a bakin rijiya. Ni kaɗai kake ba da baƙar magana a kai: "Riƙe da kyau, Na'iya, hannunka rawa shikai."

Damanar bara iska ta kayar da namijin. Satin da ka rasu kuma dabinona sunka buɗe fure, furen mace kuwa ba ya jiran kowa. Na zauna zaman makoki na rasa maƙwabci, ina ganin na rasa shekara.

Ana share ɗakinka ɗanka Mu'awiya ya tono kwalabe, ya ɗauka tsohon magani ne, zai watsar. Mai ɗakinka Zahara'u ta tare shi. Ta ce, "Kwalbar da aka ɗaura wa jan zare ta Na'iya ce, garin fure ne. Tun bara ya ajiye. Ya ce in bai kai ba a ba shi, kuma a ce mashi ya riƙe da kyau."

Mu'awiya da kanshi ya hau dabinona ya sa garin, ni ina ƙasa ina mashi faɗa. Na yi ta tsoron garin ya mutu a ajiya. Jiya na duba, 'ya'ya sun kama, nono nono. Sai yanzu na samu barci.

Allah Ya jiƙanka, Malami, Ya haskaka kabarinka, Ya sa itacen da ka rayar su zama maka sadaka mai gudana. Allah Ya ba Zahara'u da Mu'awiya da dukan dangi haƙuri. Nonon farko gidanka za a kai. Maganar awaki kuwa, ni ke da gaskiya, amma na yafe.