Makiyayin da Ya Tsaya wa Babana da Karensa

Kafin motocin kaya su fara layi a ƙofar bayan filin jirgin sama, shi ya riga ya iso. Yakan jingine kekensa a jikin katanga, ya sa shuɗiyar rigar aiki, ya wuce can ƙarshen rumfar kaya, inda aka keɓe wa dabbobi wani lungu mai taga da famfo. Ya share, ya wanke ƙasa, ya ɗauraye kwanonin ruwa. Sannan ya bi kejin da ke jiran jirgi ɗaya bayan ɗaya, yana leƙawa yana gaishe da na ciki kamar mai gaida maƙwabta. 'Yan tsaki, kyanwoyi, tsuntsaye, wani lokaci doki, sau da yawa karnuka. Lebura aka ɗauke shi. Abokan aikinsa suka sa masa Makiyayi don tsokana, sunan ya bi shi, shi kuma ya amsa.

Ba aiki ba ne da ake rububi. In an zauna cin abinci, sauran leburori sukan ɗan matsa, wai yana warin keji. Amma direban motar ɗaga kaya ya ba ni labarin ranar da wuta ta ɗauke da tsakar rana, kwalayen 'yan tsaki suna jibge cikin zafi. Makiyayi ya kwashe su shi kaɗai zuwa inuwa, ya yi ta yi musu fifita da murfin kwali har hannunsa ya sage. Likitar dabbobi ta filin kuma ta ce tun da ta kama aiki a wurin ba ta taɓa ganin ya daki dabba ba, ko wadda ta cije shi.

Ni ta dalilin Toka, karen Babana, na san shi.

Baba mai walda ne. Bayan rasuwar Inna ya tsinci ɗan kwikwiyo a cikin tarkacen ƙarafa a bayan shagonsa, ya riƙa ajiye masa ragowar abinci. Ya ce mana gadi zai yi masa. Muka yi dariya, don karen ko kaza ta kore shi gudu yake yi. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, Toka ya tare a bakin ƙofar ɗakinsa. Autarmu, wadda ke aikin jinya a ƙasar waje, ta samo wa Baba asibiti a can, ta ce ya koma wurinta da zama gaba ɗaya. Baba ya shiga kawo uzuri. Yau sanyin ƙasar, gobe shago, jibi wa zai kula da gida. Matata ce ta gano bakin zaren. Ta tambaye shi a hankali ko Toka ne. Baba ya juya fuskarsa bango, sannan ya ce, "In ba da shi ba, ku bar ni a nan."

Ya kafa sharaɗi ɗaya: kada kowa ya ji. Yana tsoron dangi su ce tsufa ya taɓa masa kai, ya bar jininsa ya ɗauki kare a jirgi. Akwai kamfanonin da ke irin wannan jigila, su zo har gida da mota mai hoton kare a jiki. Baba ya ce wannan motar ba za ta tsaya a ƙofar gidansa ba. Don haka ni na ɗauki aikin. Na kai Toka allurar haukan kare, aka sa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, aka ɗebi jininsa, muka jira sakamako wata da watanni. Na sayo keji, na lulluɓe shi da tsohon bargo kafin in shigo da shi unguwa. Duk wanda ya tambaya sai in ce injin wanki ne.

Ranar tafiya Baba ya dage sai ya raka Toka rumfar kaya da kansa kafin mu wuce wurin fasinjoji. Na tura shi a keken marasa lafiya, kejin na gefenmu a kan amalanke. Wurin cike yake da ƙara da samarin leburori. Da suka ga tsoho ya zura yatsu cikin keji yana lallashin kare, suka fara taɓa juna suna dariya, wani har ya ɗaga waya. Baba ya gani, ya janye hannunsa, ya sunkuyar da kai.

Ma'aikacin awo ya ce a fito da karen a duba na'urar da ke jikinsa. Ina buɗe ƙofar kejin, motar ɗaga kaya ta saki wani ƙarfe a bayanmu. Toka ya fizge igiyar daga hannuna ya kutsa cikin tarin kwalaye. Baba ya manta da ƙafarsa, ya yunƙura zai bi shi, ya kife a kan siminti. Kafin in ɗaga shi na ga jiƙa tana bin wandonsa, tana malala ƙasa. Tun da ya kwanta ciwo fitsari yakan kufce masa in ya firgita, amma bai taɓa faruwa a gaban bare ba. Dariyar samarin ta tsaya cak, shirun kuma ya fi dariyar ciwo. Baba ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya. Ni kuwa na tsaya riƙe da kafaɗarsa, na rasa inda zan sa idona.

A nan Makiyayi ya shigo rayuwarmu. Ban ga ta inda ya fito ba. Ya cire rigar aikinsa ya rufa wa Baba daga ƙugu zuwa gwiwa, ya tsaya tsakaninsa da samarin, ya ce wa mai wayar ya mai da ita aljihu, in ba haka ba shi da kansa zai kai ƙararsa wurin uwarsa. Sauran ya tura su su rufe ƙofofin rumfar kada karen ya fita titi. Sannan ya durƙusa ya ce, "Yaya, kama wuyana." Ya ɗauki Baba cak, ya kai shi wani ɗan ɗaki a bayan lungun dabbobi inda yake ajiye tsintsiya da bokiti. Ya ce in jira a waje. Na ji ƙarar famfo, na ji yana ta yi wa Baba hira a kan walda, wai ƙofar gidansa ta ɓalle, ya rasa mai gyara na kirki. Da suka fito, Baba na sanye da wandon Makiyayi na komawa gida, ya ɗan ɗage masa a idon sawu.

Toka kuma, Makiyayi bai sa an bi shi da gudu ba. Ya karɓi hular Baba, ya je ya zauna a ƙasa kusa da kwalayen, ya ajiye ta a gabansa, ya jira. Can sai ga karen ya fito yana rawar jiki, ya shinshina hular, ya kwanta.

Muna murna ke nan, ma'aikacin awo ya dawo da wani labari. An canja jirgin, wanda aka kawo ba shi da wurin da dabba za ta yi numfashi, sai wani makon. Asibiti kuwa na jiran Baba, ba a ɗagawa. Gidansa mun riga mun miƙa wa masu haya, ni kuma a benen da nake zaune ba a yarda da dabba. Baba ya ce a mai da shi mota, ya fasa. Na yi magiya, Auta ta yi kuka a waya, ko kallonmu bai yi ba. Makiyayi ne ya tsuguna a gaban kekensa.

"Yaya, ka je ka sha magani. Wannan yaron naka yana hannuna. Ni zan sa shi a jirgi."

Baba ya dube shi, ya ce ai bai san shi ba.

"Ka san wandona," in ji Makiyayi.

Baba ya yi dariya, dariyar da rabona da jin ta tun kafin ciwo. Ya tafi a wannan jirgin.

Abin da ya biyo baya ban san shi ba sai daga baya, daga bakin direban nan. Dokar wurin ba ta yarda dabba ta yi kwanaki a rumfa ba, don haka Makiyayi ya ɗaure kejin a amalanke ya kai Toka gidansa. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya. Maƙwabta suka tayar, matan gidan suka kwashe tukwanensu, mai gidan ya ce ko kare ko shi. Babban ɗan Makiyayi, wanda dama ba ya son a san aikin ubansa, ya daina yi masa magana. Makiyayi bai kira ni ba, alhali yana da lambata. Ya roƙi wani mai gadin gareji ya ba su wuri a bayan motoci, ya shimfiɗa tabarma kusa da kejin, can ya yi ta kwana har ranar jirgi. Kullum in na kira shi sai ya ce lafiya lau, yaron yana cin abinci. Ni kuma in koma harkokina da kwanciyar hankali, ina barci a kan katifa.

Ranar da jirgin ya samu, shi ya cika kwanon ruwa, ya sa hular Baba a cikin kejin, ya bi amalanken har inda aka hana shi wucewa. Washegari Auta ta turo hoto: Baba a kujera, Toka ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa marar lafiya. Na nuna wa Makiyayi. Ya daɗe yana kallo, ya ce karen ya rame, a gaya wa Auta ta ƙara masa abinci. Na ɗauko zancen yi masa alheri, ya ɓata rai har na ji nauyin kaina, na bar maganar.

Kawu Makiyayi, kai ne ka wanke uban wani da hannunka, ɗansa na tsaye a bakin ƙofa. Kai ne ka sha zagin maƙwabta saboda alƙawarin da ka yi wa mutumin da ba ka taɓa gani ba sai ranar. Mai sanyin hannu, mai rufa asirin dattawa. Ka ga Babana a ranar da ya fi ƙin a gan shi, ba ka taɓa ba wa kowa labari ba.

Makon jiya Makiyayi ya ajiye aiki, gwiwoyinsa sun gaji. Na je sallamarsa. Na zaci zan tarar da taro, sai na tarar da likitar dabbobi, da direban, da wasu leburori ƙalilan a tsaye a bakin lungun, da kwalin lemo a kan benci. Babu wanda ya sauko daga ofis. Cikin dubban mutanen da dabbobinsu suka bi ta hannunsa, ni kaɗai na zo, ni ma direban ne ya sanar da ni. Makiyayi bai nuna ya damu ba. Yana ta nuna wa wanda zai gaje shi yadda ake murɗa famfon, don yana da gardama.

Na kira Baba ta bidiyo na miƙa masa wayar. Yanzu Baba yana takawa da sanda, maganarsa ta fi fita. Suka gaisa, suka tambayi iyali, aka nuna Toka yana barci. Da wayar ta dawo hannuna Baba ya tambaye ni ina mutane. Na ce ai su ke nan. Tun ranar rumfar kaya bai taɓa ta da zancen abin da ya same shi ba, mu ma ba mu taɓa ba. Sai ya ce in rubuta labarin mutumin nan a inda jama'a za su karanta. Na ce to, zan rubuta na karen, in tsallake sauran.

"Kada ka tsallake komai," in ji shi. "Har na wandon. In ka ɓoye kunyata, ka ɓoye aikinsa."

Shi ya sa na rubuta duka, da izinin mai abin, ko da yake hannuna ya yi nauyi a wasu wuraren.

Kawu, mun gode. Ni da Auta da Baba mun gode, Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa 'ya'yanka su san wane ne ubansu, ya tsaya maka kamar yadda ka tsaya mana. Mu kuma da muka saura, a kowace ma'aikata akwai mai lungu irin nasa, wanda muke matsawa in ya zauna. Mu san shi tun yana bakin aiki. In kuma wata rana dattijo ya faɗi a gabanmu, kada mu tsaya kallo, mu matsa kusa mu ce masa ya kama wuyanmu.