Goma Ta Cika, Allura Ba Ta Ƙare Ba

Ƙanwata da ke aikin shara a ɗakin yara na babban asibiti, ita ta fara ba ni labarin matar nan. Ta ce, "Yaya, akwai wata tela a wajenmu, littafi ta ɗinka da keke." Ban yarda ba sai da jikata ta kwanta a gadon da ke kusa da nasu, na ga abin da idona. Sauran kuwa matar ce ta faɗa mini da bakinta.

Tela ce, ɗinkin mata da kayan yara take yi a wani ɗan shago bakin titi. Mijinta direban babbar mota, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Ɗa ɗaya Allah ya ba su, ya zo da ciwon sikila. A asibitin Manaja ake ce masa, don tun bai iya magana sosai ba yake ba da umarni: a kashe fanka, a buɗe taga, wancan likitan kada ya shigo.

In ciwon ya tashi sai ƙarin ruwa, wani sa'in ƙarin jini. Kafin a sa masa allurar sai mutum uku sun danne shi, uwar ce mai riƙe kai. Kukan tana iya jurewa. Abin da ke cin ta shi ne kallon da yake mata daga ƙasa, kamar yana cewa har da ke?

Ran nan wata mai dubiya ta kawo wa yaran ɗakin littafin hotuna na takarda. Kwana biyu ya yi ya yage, amma uwar ta lura Manaja yana shiru in ana buɗe masa. Da aka sallame su ta zazzage buhun ƙyallayen da suka ragu daga ɗinkin mutane, ta zauna kan keke. Shafi goma ta yi, na yadi, wanda za a wanke a shanya. Na farko ɗan akuya ɗaya yana tsallake rami a kan katako, ƙafafunsa a karkace don tsoro. Na biyu 'yan tsaki biyu cikin ruwan sama. 'Yan kyanwa uku sun leƙo daga kwali, 'yan zomo huɗu a bakin rami, haka har 'yan kunkuru tara, sai 'yan tattabaru goma da suka saki reshe suka tashi. Idanu da maɓalli ta yi musu, ta ɗinke tam don kada ya haɗiye.

Ta ce masa, "Ka ga kowannensu tsoro yake ji, amma ya yi. Kai ma ƙirga za ka yi. Da tattabaru goma sun tashi, an gama allura. Na yi maka alkawari."

Dabarar a hannunta take. Akwai wata doguwar sista mai saurin hannu, to ita take kallo ta gefen ido. In sistar na laluben jijiya sai ta daɗe a kan 'yan zomo, ta tambaye shi ina kunnen wannan, ina jelar wancan. Da ta ga an liƙa filasta sai ta buɗe tattabaru.

Sistar kan shigo ta ce, "Ranka ya daɗe Manaja, yau ma za a kore ni daga aiki?"

"Na kore ki."

"To bari in ƙarasa wannan in kwashe kayana."

Shi da kansa yake miƙa hannu. Sama da shekara ba a sake danne shi ba. Ta ce mini a rayuwarta ba ta taɓa ɗinka abin da ya kai wannan ba.

To, yaro yana girma. Ya cika shekara huɗu, ƙirgen ya zauna masa, ya karɓe littafin ya ce shi zai riƙa buɗewa. Jijiyoyin hannunsa kuma duk sun sha huji sun ɓuya. Aka mayar da doguwar sista wani ɓangare, aka kawo sabuwa, yarinya mai kirki, sai dai hannunta bai ƙware ba tukuna.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Ya miƙa hannu, ya buɗe da ɗayan, ya zarce babu tsayawa har goma. Ya ɗago ya ce, "Mama, an gama."

Allurar na cikin fata, ana juya ta, ba a samu jijiya ba.

Da ta sani, da ta ce masa yau littafin ya gaza, ka yi haƙuri. Amma ta ga in ya fizge hannu za a koma farko, sai bakinta ya riga ta. Ta ce, "Ka tsallake kunkuru."

Ya dube ta. Ya koma shafin farko, yana hawaye, yana dangwala yatsa a kan kowace dabba, a hankali, don kada ya sake yin kuskure. Da ya zo kunkuru ya ɗaga murya don ta ji. Ya kai goma. An zare an soka a ɗaya hannun, ba a samu ba.

Ya ce, "Ban tsallake ba."

Sistar ta leƙa waje ta kira mutum biyu, uwar ta koma riƙe kai.

Tun daga ranar bai sake taɓa littafin ba. Na ji da kunnena, jikata ta ɗauka tana ɗaya, biyu, ya ce mata daga gadonsa, "Kar ki ƙirga, ba ya ƙarewa." In an turo teburin allura, ƙanwata mai shara yake kira ta tsaya kusa da shi, uwarsa na zaune a gefe.

Mijin ya zo dubiya ya ce, "Ke ma kin cika sa abu a rai. Yaro ne, gobe ya manta."

Ta ce, "Baban Manaja, wata biyar ke nan. Wace goben?"

"To ki ɗinka masa tayoyin motata, su sha takwas ne."

Wasa yake yi don ta saki fuska, ita kuwa sai ta riƙe maganar. Ta ce gaskiyarsa, littafin ne ya yi gajere. Ta durƙusa gaban yaron ta ce, "Ba ka tsallake ba, ni na yi maka ƙarya, ka yafe mini." Ya ce to, ya juya ya fuskanci bango. Ta yi istigfari, ta yi sadaka, in ta idar da salla a lungun ɗakin takan daɗe ba ta shafa ba. Lafiyarsa ta bar wa Allah. Abin da take roƙo a kai shi ne ya sake yarda da maganarta ko sau ɗaya, tun yana hannunta. Ni dai addu'ata, Allah ya amsa mata, ya ba yaron nan sauƙi.

Ƙanwata ta ce sun sake dawowa ranar Talata, yanzu a ƙafa ake neman jijiyar. An ba su gadon bakin taga. Shagon a rufe yake, da zare da allurar hannu take aikin a kan kujerar roba. Ta kai shafi na sha bakwai, 'yan kifi take yankawa ƙanana don su samu wuri. Shi yana kwance ya ba ta baya, ita tana zura zare.