Zan Wanke Ki, Inna

Shekarar da na fita takaba aka maido ni aiki Madarounfa. Ni na roƙi canjin da bakina, don garin da muka zauna da maigidana ya ishe ni. Duk lungun da na bi sai an tare ni, an karkata kai, an ce, "Ya haƙuri?" An yi ta tambayata haƙurin nan har na fara jin kamar in mari mutum. Allah bai ba mu haihuwa ba, iyayena sun daɗe da rasuwa, ƙanena kuwa yana Yamai da iyalinsa. Na ce bari in tafi inda ba wanda ya san ni. To, na samu abin da na nema, har ya yi mini yawa.

Da safe ina lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, yara su cika mini kunne, wannan ba ya damuna. Wahalar tana farawa ne in an tashi. Ɗaki ɗaya na kama da 'yar rumfa a gabansa. In dafa abincin mutum ɗaya, in ci a tsaye, in wanke kwano ɗaya. Ranakun da babu aiki, sai la'asar ta yi in tuna ban buɗe baki da kowa ba in ban da salla. Mutanen unguwa suna gaishe ni, "Sannu Madam," ni ma in amsa in wuce. Ba zan ɗora musu laifi ba, ni ce ba ni da sakin fuska. Amma kaɗaici ya ci ni a ɗakin nan, ba ƙaramin ci ba.

Ƙanena ne ya aiko mini da waya mai ɗaukar hoto. Ya ce, "Yaya, kullum aka kira ki sai lafiya lau, lafiya lau. Ni ban yarda ba. Ki riƙa aiko mini hoton inda kike." Na ce masa wannan aikin marasa aikin yi ne. Duk da haka, don ya ƙyale ni, na ɗauki butata a gindin bango na aika masa. Bayan na aika sai na tsaya ina kallon hoton. Buta ce dai, tawa, wadda nake ɗauka kullum, amma ban taɓa lura da cewa hantsi yana shimfiɗa inuwarta har bakin ƙofa ba, ko cewa wata 'yar ciyawa ta tsiro daidai inda ruwan alwalata ke zuba.

Daga nan abin ya kama ni. Da na yi la'asar sai in yafa mayafi in nufi bakin tafki. Na ɗauki balbela a bayan saniya. Na ɗauki komar masunta an shanya ta a kan ƙaya, da amalanken jaki da ya fito ta hanyar Safo, kara ya rufe jakin har sai kunnuwa. Akwai wani silifa ƙafa ɗaya da ya kafe a laka, shi kam na yi ta komawa wurinsa kamar ɗan'uwana. Ban ma ƙara aika wa ƙanena ba, ni kaɗai nake kallon abuna. Wanda ke neman abin ɗauka dole ya ɗaga kai, ni kuwa tun rasuwar maigidana ƙasa nake kallo. Barcina ya gyaru. A aji ma na daina ba yara jimlolin littafi su kwafa, sai in zagaya da wayar in nuna musu jakin nan, in ce kowa ya rubuta abin da jakin yake tunani. Ranar farko har ni sai da na yi dariya.

Abu ɗaya ne ban ɗauka ba: mutum. Mutum in za ka ɗauke shi sai ka yi masa magana.

Wata ranar da yamma ina tsaye a lungunmu, na saita waya a kan hayaƙin da ke tashi ta saman wata danga, rana ta ratsa shi, sai na ji murya daga ciki.

"Ke Madam! Hayaƙin nawa ma sai kin ɗauke? Kin ɗauki jakin mutane, kin ɗauki kwatar gidan liman, mu da muke 'yan Adam ba mu kai ba ke nan?"

Tsohuwa ce ta leƙo, ƙanƙanuwa, idanunta sun yi ja don hayaƙi. Maƙwabciyata ce mai bandar kifi, wadda nake jin tarinta kowace safiya ban taɓa shiga gidanta ba. Ashe duk unguwa an sa mini ido, har ana cewa Madam ta lakwal ta samu taɓi, tana tsayawa tana gaida kwata. Raina ya ɓaci, na ce mata, "Ai jaki ba ya tambayata ya haƙuri."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "To ni ma ba ni tambayar ki. Shigo ki kama mini wannan ragar, hannuna ya gaji."

Kuma ba ta taɓa tambaya ba. Na shiga ranar, na shiga washegari, har ya zama in na dawo daga tafki can nake zarcewa. Ina ce mata Inna, tana ce mini ɗiyata in tana cikin daɗi, in na ƙona mata kifi kuwa in koma Madam. Daga wajen Gabi aka kawo ta aure tun tana yarinya. Maza biyu ta haifa, ɗaya ya rasu, ɗayan ya ƙetare iyaka cin rani ya yi zamansa can, sai dai saƙon gaisuwa. Mijinta ya daɗe a ƙasa, danginta na ƙauye duk sun ƙare. Ba ta shiri da matan unguwa, ta ce bakinsu ba ya da murfi. Mu biyu dai Allah ya haɗa, marasa kowa, masu baƙin hali.

Na ɗauki hannuwanta sau da yawa tana juya kifi, amma fuskarta sai da ta ga dama. Wata Juma'a ta ɗaura zanenta na fita, ta sa kwalli, ta zauna a kan turmi ta ce, "To, ɗauki." Na ɗauka, na nuna mata. Ta daɗe tana kallo. Hoton ya yi kyau ƙwarai, har na ji bai kamata ya tsaya cikin waya ba, ya kamata a fitar da shi a takarda. Sai na ce, "Inna, in Allah ya yarda ni da kaina zan wanke ki."

Ta ɗago kai da sauri. "Mi kika ce?"

"Na ce zan wanke ki."

"Ke da hannunki?"

"To da hannun wa?"

"Kin yi alkawari?"

Na ce na yi. Sai na ga hawaye na bin kuncinta. A raina na ce ikon Allah, duk wannan a kan hoto ɗaya! Ta share ido da gefen zane, ta miƙo hannu. "Ke kuma wa ke ɗaukar ki? Kawo nan." Na nuna mata inda ake dannawa, ta riƙe wayar da hannu biyu tana ta mita, ta danna. Da na duba, babban yatsanta ya rufe rabin hoton, ni kuma ga ni a karkace, baki buɗe, ina ce mata ba haka ake riƙewa ba. Na yi niyyar gogewa, kifi ya fara ƙauri, na manta.

Bayan 'yan kwanaki ta kira ni cikin ɗakinta, ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Farin yadi ne a naɗe, da sabulu sabo, da turare, da ƙullin busasshen ganyen magarya. Ta ce, "Ga kayan nan, kin ga inda suke. Na faɗa wa matar liman ke ce za ki yi. Su zuba miki ruwa daga baya, amma kada kowa ya ɗaga mini zane sai ke. Akwai abin da ke jikina da ban son a yi hira da shi a bakin rijiya."

Sai a lokacin na gane wankin da ta ji. Ni wankin hoto nake nufi, ita kuwa wankan gawa ta ɗauka. Ni da ban taɓa taɓa gawa ba, ko ta maigidana daga nesa na ga an fito da ita! Na buɗe baki in ce Inna ba haka nake nufi ba, na dubi yadda take shafa yadin nan, na rufe bakina.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Kwana da kwanaki ina jin haushinta, ina jin haushin bakina. Daga baya na ɗaure na tafi wurin matar liman na ce ta koya mini. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga ba wasa nake ba, ta zaunar da ni ta yi mini bayani: yadda ake rufe jiki, yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, a yi wa mamaciya alwala, a fara da dama. Shi ne gida na biyu da na shiga a garin nan.

Da na samu shiga Maradi na kai hoton wurin mai hoto, aka wanke shi babba, aka sa masa gilashi. Na kawo mata na ajiye a cinyarta, na ce, "Inna, ga shi. Wannan ne fa wankin da na ce zan yi miki ranar nan."

Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta taɓe baki. "Ke kin ɗauka ban san wankin hoto ba? Ni ba a daji aka haife ni ba, Madam. Na san abin da kike nufi sarai. Amma na daɗe ina jiran wani ya faɗa mini kalmar nan, ta fito daga bakinki, na cafke. Ko za ki janye?"

Na ce, "Amma Inna ke muguwa ce."

Ta ce, "Na sani. Za ki janye?"

Na ce ba zan janye ba.

Ta ƙara damina ɗaya. Ana cikin yankan gero, wata safiya ban ji tarinta ba, ban kuma ga hayaƙi ta saman danga ba. Na shiga na same ta a kan shimfiɗarta, ta riga ta tafi. Ban tafi lakwal ba ranar. Na jawo kwallar da kaina. Matar liman ta tsaya a bayana tana miƙo ruwa, ta juya fuskarta ga bango kamar yadda aka roƙe ta. Na naɗe hannuna da ƙyalle na fara. Na yi mata a hankali, ina yi ina ce mata, "Sannu Inna, saura kaɗan." Na warware mata kitso, na wanke ƙaurin hayaƙin da ke gashinta. Abin da take ɓoyewa na gan shi. Idon nan nawa da ya saba tsayawa a kan komai ya gani, na mayar da zane na rufe. Ban faɗa wa kowa ba, a nan ma ba zan faɗa ba.

Ɗanta ya zo bayan an yi bakwai, ya sayar da gidan, na ba shi hoton ya tafi da shi. Na sake wanke wani na rataye a ɗakina. Har yanzu ina zuwa tafki da la'asar, yanzu kuma ina ɗaukar mutane, masunta har kirana suke yi. Matan unguwa sun daina cewa ina da taɓi. Amma in na dawo na wuce dangar nan, kewarta takan kama ni, in shiga ɗaki in dafa abincin mutum ɗaya.

Kwanan baya wayar ta cika, na zauna ina rage hotuna. Jakuna, balbelu, silifa, hannuwan Inna. A cikinsu duka hotona ɗaya ne tak, wanda ta ɗauka, yatsanta ya rufe rabi, ni a karkace ina mata faɗa. Na sha shiga Maradi tun daga lokacin, ina wucewa ta ƙofar mai hoton, ban kai shi ba. Na bar shi a cikin waya. Ina jira ko Allah zai kawo wadda za ta kalle shi ta ce mini, ko da kuskure ne, ita za ta wanke ni.