Gwadabe da Turawansa Huɗu

Duk wanda ya yi aiki a babbar masaƙar nan ta Bompai a shekarun saba'in ya san Gwadabe na Turawa. Mutumin Ringim ne, gajere mai faɗin kafaɗa, ko kalma ɗaya ta Turanci ba ya ji. Amma ka kuskura ka taɓa masa Turawansa huɗu, yanzu za ka ga jijiyar wuya ta miƙe.

Abin ya samo asali ne ranar da ya je Sabon Gari sayen tayar keke. Yana wucewa ta gaban wani shagon faifai, lasifika ta sako wani kiɗa da ya tsayar da shi cak a tsakiyar titi, har mai amalanke ya ɗura masa ashar. Ganga ce kamar ana sussukar gero a ƙirjinsa, jita kuma tana kuka tana tsiwa. Ya koma gida ba taya, sai faifai a hammata, alhali ko garmaho ba shi da shi. Wata da watanni yana kai faifan shagon wani tela yana roƙon a sa masa.

A jikin kwalin akwai hoton samari huɗu 'yan Ingila, gashi har kafaɗa. Sunayensu sun fi ƙarfin harshensa, sai ya raɗa musu nasa: Dogo mai waƙa, Sarkin Jita, Shiru-shiru, da Maƙeri mai ganga. Daga nan duk abin da suka fitar sai ya shigo hannunsa, kuma a kwalayen yake karanta rayuwarsu. Ya san shekarar da Dogo ya tsayar da gemu, ya san lokacin da Maƙeri ya rame, har ya roƙa masa sauƙi. Faifansu na uku kuwa, a cewarsa, ko su kansu ba za su sake yin irinsa ba.

To, a ɗakin saƙa akwai al'ada. Ranar da ka fara aiki, tsofaffin hannu za su yago auduga su cusa maka a kunne, domin ƙarar injinan nan ba ta da imani. Da hannu da leɓe ake magana a ciki. Gwadabe ma an cusa masa, ya kuma yi shekaru da ita. Sai wata rana audugar ta faɗi, ya ji injinan da kunnensa tsirara, ya rantse da Allah bugun Maƙeri ne sak. Tun daga ranar bai ƙara toshe kunne ba. Yana ɗaura zare yana kaɗa kai, yana rera waƙoƙin da bai san ma'anarsu ba, injina ɗari suna yi masa kiɗa kyauta.

Inuwa, abokin aikinsa mutumin Damagaram, ya tare shi a wajen mai kosai.

"Gwadabe, kunnen nan guda biyu Allah ya ba ka, kuma ba a sayar da sifeyarsa a kasuwar Kwari. Mai da audugarka."

"Kai dai ba ka san daɗi ba. Ku kuna aiki, ni ina gidan rawa."

"Za ka gaya mini," in ji Inuwa.

Wauta ce, ba ta da wani suna. Amma wanda ya taɓa tsayuwa tun safe har la'asar a gaban inji, ƙurar auduga tana shiga masa huhu, ba zai yi saurin zaginsa ba. Abin da ya samu ke nan ya riƙe.

Ya auri Zuwaira, suka haifi Kulu, shi da Inuwa suka koma wata masaƙa a Challawa, suka tare a Panshekara. Ya sayi rikoda, ya mai da faya-fayansa kaset. Zuwaira ta tsani kiɗan nan tsana mai tsanani, takan ce ko tukwane ne suka zubo daga kan jaki sun fi shi tsari. Ta dai haƙura.

Kunnen bai tafi lokaci ɗaya ba. Siririyar muryar jita ce ta fara ɓacewa, Gwadabe ya ce Sarkin Jita ya yi kuɗi ya yi sanyi. Sai muryar Dogo ta dusashe, ya ce batir ɗin zamani ne ba shi da ƙarko. Ya zargi mai gyaran rikoda, ya zargi mai sayar da kaset, ya zargi Ingila gaba ɗaya. Ranar da Kulu ta faɗi a bayansa tana tsala kuka bai waiwayo ba, ranar ya daina zargin kowa. Ya nemo auduga ya cusa, Inuwa ya gani ya kau da kai.

Da aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu, masaƙa ta rage ma'aikata, kuma kurame aka fara sallama. Ya koma sayar da rake a bakin ƙofar da ya yi shekaru yana shiga. Abu ɗaya ya rage masa: in ya ƙure ƙarar rikoda ya ɗora tafin hannu a kan lasifika, yana jin bugun Maƙeri yana ratsa ƙashinsa. Da wannan yake rayuwa.

Rannan Inuwa ya kawo masa kaset daga Sabon Gari, ya nuna masa da hannu cewa Turawan sun rabu, wannan ne na ƙarshe. Gwadabe ya yi wanka ya sa farar riga. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, ya sa sabon batir, ya danna, ya ɗora hannu.

Shiru. Kaset yana juyawa, hannunsa bai ji komai ba. Ya bubbuga rikodar, ya juya batir, ya sake ɗora hannu.

"Ta lalace," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa.

Zuwaira ta ajiye tankaɗen da take yi, ta zo ta durƙusa a gabansa yadda zai ga bakinta.

"Baban Kulu, lafiyarta ƙalau. Babu ganga ne. Mutum ɗaya ke waƙa a hankali, da jita."

Ya daɗe yana kallon leɓenta.

"Har ƙarshe?"

Ta saurara, ta tura kaset ɗin gaba, ta juya bayansa, ta sake saurara. Ta gyaɗa kai.

"Da daɗi?"

Wannan ne kaɗai kiɗansu da ya taɓa shiga ran Zuwaira, kuma ba ta iya yi masa ƙarya ba. Ta gyaɗa kai, hawaye na zubo mata.

Gwadabe ya janye hannunsa daga kan lasifika, ya tura mata rikodar.

"To, ki ji," ya ce. Ya tashi ya ɗauki wuƙar rakensa ya fita.