Ba a Amsa Suna a Zaune

Ƙanshin sitaci ne ya mayar da ni bariki. Ina ɗakin wanki a gidana na Bowie, can ƙasar waje, ina goge wa Baba tsohon kakinsa, sai na tuno ni 'yar ƙarama, ina fifita wa Mama gawayin guga ana gobe ranar biya.

Baba saje ne a ofishin biyan sojoji. A zamaninsu ba ruwan soja da banki. Tebur ake fitarwa gindin mangwaro, a lulluɓe shi da bargo, hafsa ya zauna da akwatin ƙarfe, Baba kuma ya tsaya yana kiran suna. Wanda aka kira ya tako, ya ƙame, ya sara, ya ce, "Ga ni!" Ba a aiko wakili, ba a amsawa a zaune. Mu yara muna bayan shinge da iyayenmu mata, damina ko rani, kowace ta kasa kunne.

Sau uku ake kiran suna. A shekarun da ake kwasar maza zuwa bakin daga, akan kira wani, a sake, a sake, ba amsa. Wannan shirun na fi tsoro a duniya. Na ga maƙwabciyarmu ta sulale ƙasa a cikin irin wannan shirun, goyonta na baya. Ranar Baba bai taɓa tuwonsa ba.

Daga baya aka koma banki, aka ɗauke teburin. Baba ya yi ta mita, wai yanzu soja zai ci albashi ba wanda ya ga idonsa.

Yau shi ne a hannuna, ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi. Sai ga saƙo daga gida: za a tantance 'yan fansho ta bidiyo, wanda bai bayyana ba a ɗauka ya rasu. Maigidana ya ce a ƙyale, abin da idan an canza shi dala ko kuɗin man mota bai kai ba.

Baba ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito. "Ba za a kira ni a ji shiru ba."

Na ce to ya amsa daga kujera. Kallon da ya yi mini, sai ka ce na zage shi. Ni kuwa nas ce, kuma taurin kan nan a wurinsa na gada. Kullum na dawo aiki sai na ɗaga shi, ya jingina da ni, ya zube, mu sake. Ya yi fushi, na yi kuka a ban ɗaki, amma ban bar shi ya huta ba.

Ranar tantancewar na sa masa kakin, ya yi masa yawa. 'Yata ta riƙe wayar. Wani hafsa, sa'an jikansa, ya kira sunansa yana duban takarda.

Baba ya yunƙura. Shiru.

Aka sake kira. Zuciyata ta koma bayan shingen nan. Ya ture hannuna daga ƙugunsa.

A kira na uku ya miƙe shi kaɗai, ya ɗaga hannun da ke aiki zuwa goshi.

"Ga ni!"

Yaron ya ɗago kai. Ya ajiye biro, ya ture kujerarsa baya, ya tashi tsaye.