Launin da Iya Take Hangowa

Ƙarshen damina ne, dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fara fashewa fari fat a gonakin gefen hanya. Shekarar nan ta zo da sanyin rai. Mun fito daga shekarun fari, waɗanda har ƙanzon tukunya sai an raba wa yara daidai, ga shi kuma ana ta cewa ƙasa ta yi arzikin mai. Mu dai a ƙauyenmu, can tsakanin Faskari da Ƙanƙara, ba mu ga man ba. Abin da muka gani shi ne rediyo a kafaɗar samari, da kwano yana ƙyalli a kan ɗakunan da a da jinka ce, sai kuma babura. Ina da shekara goma ko sha ɗaya, ba a rubuta ba. Har yau in na wuce inda ake fenti, warin ya shigar mini hanci, wannan shekarar nake komawa.

A shekarar ne Baba ya sayi babur. Ba sabo ba ne. Wani malamin makaranta aka yi wa ƙarin albashi, ya sayi sabo, ya sayar wa Baba tsohon. Ja ne, irin jan da kowa ke da shi. Ranar kasuwa in an jera su a gindin ceɗiya, sai mutum ya yi ta sa makulli a na wani yana mita. Shi ya sa aka fara kai su fenti, kowa yana so a san nasa tun daga nesa.

Mai fentin a Ƙanƙara yake, amma mutumin Sabuwa ne. A da jikin motocin katako yake zanawa, da babura suka yawaita ya kafa rumfa a bayan kasuwa. Sau ɗaya na je rumfar, Baba ya goya ni a baya ranar da zai kai nasa. Dogo ne siriri, farcensa kowanne da launinsa. Yakan cire tankin mai ya ɗora a cinya kamar jariri, ya yi ta gugarsa da samfefa har ƙarfen ya fito fili. Da famfon feshin sauro yake fesa shimfiɗar farko. Ƙananan zane kuwa da gashin jelar akuya yake yi, wanda ya ɗaure a tsinke. In zai ja layi sai ya ɗauke numfashi, duk wanda ke rumfar ya yi shiru tare da shi.

Na ga abubuwa a ranar. Babur ɗin sarkin fawa ja ne wur, da harshen wuta yana lasar tankin. Wani saurayi ya sa an yi masa ɗawisu, jelarsa ta malala har kan murfin tayar baya. Na ma'aikacin gona kore da fari ne. Akwai na wani liman da ya ce a bar masa baƙinsa, a yi masa ɗigo uku kawai a gaba, don kada a ce ya shiga sahun yara.

Mai fentin ya ce wa Baba kore zai yi masa, don kore shi ne na manomi.

Baba ya ce, "A'a, Malam. Sa mini wanda tsohuwa za ta hango."

Tsohuwar ita ce mahaifiyarsa, muna ce mata Iya. Yanar ido ta rufe mata gani tun ban yi wayo ba. Ba ta gane fuska, sai murya, amma in rana ta take takan ga launi mai ƙarfi kamar ta cikin tsumma. Mai fentin ya yi ɗan tunani, ya ce to shuɗi ne, mai haske, a ratsa shi da ruwan ɗorawa. Baba ya ce banda abu mai rai. Sai ya yi masa furen auduga guda uku a kowane gefen tanki, farare, da 'yan ganyayensu. A baya ya rubuta "Sannu ba ta hana zuwa", don duk ƙasar an san Baba da tafiyar hawainiya, masu keke ma sukan wuce shi suna yi masa sannu da hutawa. Ban iya karanta rubutun ba a lokacin. Sai da na yi 'ya'ya uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da malamarmu ta ce kowa ta kawo karin maganar da za a rubuta mata a allo, wannan na kawo.

Baduku ya ɗinka wa sirdin rigar jar fata, ya rataya tuntaye a hannuwa biyu. Ranar da aka kawo babur ɗin gida, Iya tana ƙofar zaure tana kaɗi, inda take zama kullum a kan 'yar kujerarta. Tun Baba yana kwanar rafi ta ajiye mazari.

Ta ce, "Ga shi can. Kowa ya zama inuwa, shi kaɗai ke da launi."

Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. "Shi" kawai take cewa, kowa ya san wa ake nufi.

Haka aka yi kaka, aka yi rani. Ranar kasuwar Ƙanƙara in zai fita da safe sai ta ɗaga hannu ta ce Allah shi kiyaye hanya. Da la'asar in shuɗin ya ɓullo sai ta ce in ɗora masa ruwan wanka. Ni ce idonta, ni nake jan ta zuwa bayan gida da gidan suna, ita kuma tana ce mini uwar surutu, wai bakina ya riga ƙafata girma.

Da bazara ta kama, zafin nan da tsuntsu ke faɗowa, sanƙarau ya shigo gari. Kwana uku Baba ya yi a kwance, ya cika. Ba zan tsaya a nan ba, don har yanzu wurin bai gama warkewa ba.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Babur ba ya rabuwa, kuma Baffa, ƙanen Baba, bai iya hawa ba. Aka sayar wa wani Alhaji mai sayen hatsi daga 'Yankara. Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne, hanyarsa ta zuwa kasuwar Ƙanƙara ta ƙofar gidanmu ta bi.

Ranar kasuwa ta farko ina tsugunne kusa da Iya ina tsinke mata zogale, sai shuɗin ya ɓullo daga kwana. Ni ma na ɗauka shi ne. Iya ta miƙe tsaye, ta ɗaga hannu, ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Ta bi shi da fuska har ƙarar ta ɓace, sannan ta zauna ta ɗauki mazarinta. Da la'asar da ya dawo ta sake miƙewa, tana murmushi, ta ce, "Ga shi can."

Mako na biyu ma haka. Na uku har ta sa na ɗauko mata farin mayafinta tun da asuba. Tsoro ya kama ni. Na shiga ɗakin Inna, mahaifiyata, tana cikin takaba ba ta fita ko'ina, na gaya mata Iya tana zaton Baba na da rai. Inna ta yi kuka mara sauti, ta aika aka kira Baffa. Baffa ya zo, na maimaita masa.

Ya ce, "Tsohuwa ta fara ruɗewa. Kowane mako sai ta ga ɗanta ya wuce ta bai tsaya ba? Wanga abu zai kashe ta."

Ka ga, duk cikinmu ba wanda ya je ya tambaye ta. Ba a yi wa uwa zancen ɗanta da ya rasu, kunya ce, kuma tausayi ne. Muka yanke shawara a bayan idonta, ita da ma idon ba shi gare ta ba.

Mako mai zuwa Baffa ya tare Alhajin a bakin rijiyar bayan gari. Ina wurin da tuluna, na ji komai. Alhajin gajere ne mai fara'a, ya sauka ya jingine babur, suka gaisa har da tambayar iyali. Da Baffa ya faɗi abin da ya kawo shi, wato a sake hanya ko a sake fenti, sai Alhaji ya ɗora hannu a kan furen audugar yana shafawa.

Ya ce, "Malam, wallahi don fentin nan na saye shi. Injin ma tari yake kamar ni. Ko a Funtuwa sai an tsai da ni an kalla."

Baffa ya ce ya sani, roƙo ne kawai ya zo yi.

Alhaji ya ce, "Wata hanyar babu, rafi ya cinye ta. To, shi ke nan. Ni ma ina da uwa."

Daga baya Baffa ya ba mu labarin abin da ya faru a rumfa. Mai fentin ya ƙi da farko. Ya ce tun da ya fara sana'a hannunsa bai fitar da abin da ya kai wannan ba, su kai wa wani. Da aka ce masa don tsohuwar ne, ya ce a bari, shi zai kankare da kansa, kada wani ya yi masa yagar kare. Ya wuni yana guga. Ya mai da shi baƙi, ba ɗigo, ba rubutu.

Ranar kasuwa ta zagayo. Iya ta fito da farin mayafinta tun hantsi bai yi ba. Babura suka yi ta wucewa. Na ga baƙin ya zo, Alhaji ya rage gudu, ya sunkuyar da kai, ya wuce. Iya ba ta motsa ba. Da azahar ta yi sallah a nan ƙofar zaure, ta ƙi shiga ciki ta ci abinci. La'asar ta yi, 'yan kasuwa suka dawo, baƙin ya sake wucewa a cikinsu. Rana ta yi ja, shanu suka shigo gari, tana zaune, zaren ma ta daina ja.

Ta ce, "Yau bai wuce ba. Ko lafiya?"

Na kasa riƙewa. Na ce, "Iya, Baba fa ya rasu."

Ta juyo da fuskarta wajena a hankali.

"Ni za ki gaya wa? A cinyata ya cika, kina waje kina kuka."

Na ce to me ya sa take tashi tana yi masa addu'a.

Ta ce, "Ke dai uwar surutu ce, ba ki da kunne. Wancan mai gudu kamar an biyo shi, shi zan ɗauka ɗana? Tun ranar farko na san ba shi ba ne. Abinsa nake gani. Duk abin da ya bari, rigunansa, gonarsa, ku kanku, ba na ganin ko ɗaya. Wanga kaɗai idona ke kamawa. In ya wuce in ji sanyi, in yi wa mai shi addu'a, Allah ya san inda zai kai ladan."

Baffa ya dawo daga masallaci ya same mu a haka, ina ta sheshsheƙa. Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata abin da aka yi, bai ɓoye komai ba. Ya ce gobe zai tafi 'Yankara ya roƙi Alhaji a mayar da fentin yadda yake, mai fentin yana nan, hannunsa bai manta ba.

Iya ta ce, "Kul. Kun mai da bawan Allah abin wasa? Yau shuɗi, gobe baƙi, jibi shuɗi? Wancan shi ya tsaya a kai aka yi. Wanda za ku yi naku ne, ku riƙe abinku."

Ta miƙo mini hannu na ja ta muka shiga ciki. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi.

Yanzu ni ce tsohuwar gida, idona ma ya fara hazo. Babura sun fi na da yawa ba a magana, amma duk kamarsu ɗaya, in an yi ado ma takarda ce ake mannawa, rana ta ɗaye ta kafin shekara. A yankinmu kuma yanzu in aka ji ƙarar babura da yawa a tare, ba wanda ke fitowa ƙofa ya ga wane ne, yara ake kira a shigar ciki. Ba wanda yake so a gane shi daga nesa. Nakan ba jikokina labarin lokacin da mutum zai zaɓi launi don uwarsa ta hango shi, su yi ta kallona kamar tatsuniya nake. 'Ya'yana kuwa abu ɗaya na roƙe su: in sun ga ina yin abin da ba su gane ba, su zo su tambaye ni kafin su gyara mini.

Washegari da safe, ranar da ta biyo bayan kasuwar nan, na kai wa Iya koko ina jan ƙafa. Na ce mata ni ce na fara kai maganar wurin Inna.

Ta ce, "Na sani. Wa ke da baki a gidan nan in ba ke ba?"

Ta sha kokonta har ta suɗe ludayin. Sannan ta sa na jawo tukunyar da take tara ƙwan zabi a ƙarƙashin gado. Ta laluba da hannunta, ta zaɓi manya, ta jera su a ƙwarya, ta zuba ƙaiƙayi a tsakani don kada su fashe. Ta ce in kai wa Baffa, ya raba biyu, rabi 'Yankara, rabi rumfar mai fenti.

"Mutane sun ɓata abin da suke so saboda ni," in ji ta. "Ba a barinsu ba godiya."

Na ɗora ƙwaryar a ka, na riƙe da hannu biyu, na tafi gidan Baffa a hankali.