Ranar da Na Yi Rawa a Gaban Makara

In samarin Nima, unguwarmu a nan birnin Ankara, suka zauna a ƙofar shagona suka ce in ba su labarin yadda aka fara gasar ƙwallon unguwa, nakan ba su tun daga tushe, amma in tsallake Lahadi ɗaya. Yau dai zan faɗe ta. Na tsufa, kunyar ma ta gaji da ni ta kama gabanta.

Ƙarshen shekarun saba'in muka fara, ba mu da komai sai ƙafa da baki. Da farko wasu sun so a raba ƙungiyoyi bisa ƙabila, dattawa suka ce a'a. Zango ne, akwai Bahaushe, akwai Bazabarme, akwai Mosi da Dagomba da Kotokoli, in aka raba haka ba ƙwallo za a buga ba, jini za a zubar. Sai aka raba bisa sana'a: mu teloli, mahauta, makanikai, da 'yan tashar Tudu. Daga baya masu dakon Kasuwar Malam Atta suka shigo, kafintocin Maamobi suka biyo su. Mu muke ɗinka wa kowa riga da gajeren wando, kuma ba zan ɓoye ba, wandunan mahauta da gangan muke matse su. Kofin ma na hannu ne, wani makanike ya tsinto shi a wani shago a Adabraka. Ɗan mutumin da ke tsaye a samansa ba ƙwallo yake bugawa ba, dambe yake yi, amma ba wanda ya taɓa damuwa.

Filin ba namu ba ne. Jama'a suka ware shi don makaranta, ginin bai samu ba, aka damƙa kula da shi a hannun wani dattijo, tsohon soja, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba. Bayan filin gidaje ne a cunkushe, lungunsu ko amalanke ba ta shiga balle mota. Saboda haka duk wanda ya rasu a can, sai an ɗauko shi a makara an ratsa filin zuwa bakin titi, inda motar maƙabarta ke jira. Da muka je roƙo, tsohon ya ba mu filin da sharaɗi guda. In makara ta fito daga lungu, ƙwallo ta tsaya inda take, ba sai alƙalin wasa ya hura usur ba. Kowane ɗan wasa ya je ya sa kafaɗa, ko taku uku ne, har a kai titi. Ya ce, “Ranar da ƙwallo ta motsa a gaban gawa, ranar zan tuge sandunan ragar nan da hannuna.”

Shekara uku muna kiyayewa. Har ya zama jiki, in ka ga mutum ya taka ƙwallo ya tsaya cak, ba ka tambaya, lungu kake dubawa.

A shekara ta huɗu muka kai wasan ƙarshe, mu da mahauta. Teloli ba su taɓa ɗaukar kofi ba, kuma mahauta sun mai da mu abin dariya, suna cewa mai taka keken ɗinki ƙafa ɗaya ce ke masa aiki. Ni nake buga gaba. A safiyar ranar mun ji rasuwar wata tsohuwa mai sayar da koko a bakin lungun, wadda ba ɗan wasan da bai sha kokonta ba. Amma an ce sai gobe za a kai ta, don babban ɗanta direban babbar mota ne, yana kan hanya daga arewa. Ashe ya iso da wuri, aka yi mata sutura, aka sallace ta bayan la'asar.

Wasa ya kusa tashi, ba wanda ya ci. Aka turo mini ƙwallo daga tsakiya, na tare ta, na fuskanci ragar da ke wajen titi, lungu yana bayana. Na zo wa ɗan bayansu na farko, na yanke shi, ko motsi bai yi ba. Na zo wa na biyu, wani ƙato mai fiɗar shanu wanda ya saba kwashe mini ƙafafu, shi ma ya tsaya kamar an dasa shi. Na ce a raina yau kam tsorona ya kama su. Na ji 'yan kallo sun yi tsit, na ɗauka numfashi suka riƙe don ni. Mai tsaron gida ya saki hannuwa yana kallon bayana, ni kuwa na ce ruɗewa ya yi. Na narka ƙwallo a raga da duk ƙarfina. Na tuɓe riga na wurgar, na shiga wata rawa da na koya wurin masunta 'yan ƙabilar Ga a bakin teku, ina karkaɗa ƙugu, ina kiran sunan mahauta ɗaya bayan ɗaya.

Sai na juyo.

Makara tana tsakiyar fili. Masu ɗauke da ita sun tsaya. A gaba, ɓangaren dama, direban nan ne, idanunsa jajir, yana kallona. Suka ci gaba da tafiya, 'yan wasa suka riƙa zuwa suna karɓar kafaɗa, namu da na mahauta. Ni kuwa ina tsaye ba riga, gumi na zuba, kuma ba a kusantar gawa tsirara haka. Kafin in gano inda na jefa rigar, an sa ta a mota an tafi.

Tsohon sojan bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Washegari da hantsi ya zo shagona, ya ƙi zama. Ya ce, “Tela, haƙƙin ba nawa ba ne, na masu gawa ne. Ranar sadakar uku ka je ka sami ɗanta direban. In ya yafe, sanduna su tsaya. In bai yafe ba, ina da diga.” Ya juya ya tafi.

Kwana biyun nan ban ga irinsu ba. Ƙungiya shida, samari sun fi ɗari, ba su da wani wuri da za su buga in an rufe wannan, kuma duk saboda ƙuguna. Wake ɗaya ke ɓata gari, ni ne waken. Abin da ya fi ci mini rai, ba wanda ya zage ni. Na je sayen nama, mahaucin da ya fi kowa tsokanata ya yanka ya naɗe ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba. Da na ga haka sai zuciya ta ɗebe ni, na tafi wurin shugaban ƙungiyarmu ina faɗa, wai laifin alƙalin wasa ne da bai hura usur ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Cale, abokina, mutum ashirin da ɗaya sun gani ba usur. Kai kaɗai ne ba ka da ido.” Na koma shago na ɗinke wa wani alhaji bakin aljihun rigarsa ruf, duka biyun. Matata ta ajiye mini tuwo, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Ranar sadaka na sa farar riga na tafi ni kaɗai. An jera benci a lungu, malamai suna kan tabarma, mata suna rabon masa daga cikin gida. Da na shigo, hira ta mutu. Na jira aka shafa fatiha, na je gaban direban na tsuguna. Na yi masa gaisuwa, na roƙa wa tsohuwa gafara, na ce na zo ne a kan abin da na yi. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu ya bar ni.

Ya dube ni. Ya ce, “Kai ne tela.”

Na ce, “Ni ne, Yaya.”

“Ka yi rawa paa, ba kaɗan ba.”

Na sunkuyar da kai. Wani a bayana ya yi tari.

Ya ce, “Wallahi na so in aje makara in mare ka. Amma Mma, uwana, yana kan kafaɗana, ban iya aje shi a ƙasa don kai.” Ya goge fuska da hularsa. “Da ka juyo na ga fuskanka. Na san ba ka sani ba. Wanda ya sani ba ya yin fuska haka.”

Na ce, “Yaya, ni ka hukunta, ka bar filin. Yaran nan ba su yi komai ba.”

Ya ce, “Fili bai yi mini komai ba kwaraa, ko kaɗan. Mma ma yana son hayaniyanku, in kuna bugawa kokonshi yana ƙarewa da wuri. Abin da ya dame ni ɗaya ne. Kowa ya sa ma Mma kafaɗa, har mahauta da ba su gaishe ni. Naka ne babu. Shi kuma ya tafi, ba za ka iya ba shi ba.”

A nan hawaye suka ƙwace mini, a gaban malamai da kowa. Ban damu ba.

Ya ce, “To ga abin da za ka yi. Daga yau duk gawan da ya fito lungun nan, ana wasa ko ba a wasa, kai ne kafaɗan farko. Ko kana tsakiyan ɗinki a zo a kira ka. Ka yarda?”

Na ce na yarda, na sake cewa na yarda, har sai da wani malami ya ce ya isa, an ji. Direban ya miƙo hannu ya ɗaga ni, ya sa aka kawo mini masa a faranti. Na cinye tas, na ci na wanda ke kusa da ni, yunwar kwana biyu ta taso mini gaba ɗaya. Ban taɓa jin jikina sakayau irin na wannan hantsin ba.

Daga can ban biya gida ba, wurin tsohon soja na nufa da sauri. Na tarar da shi a ƙofar gida, digar tana jingine da bango, da gaske yake. Na faɗa masa yadda muka yi. Ya ce, “Yoo, na ji.” Ya ɗauki digar ya mayar cikin ɗaki. Da ya fito ya ƙara da cewa ƙwallon da na ci ba ta shiga lissafi ba, a sake wasan ranar Lahadi.

Aka sake, mahauta suka ba mu biyu da nema. Suka ɗaga kofi suna kwaikwayon rawata a gabana, ni kuwa ina tsakiyarsu ina dariya har da riƙe ciki, don in mahauci ya dawo tsokanarka to duniya ta zauna daidai. Bayan wannan shekarar ne kafintoci suka ba da shawara aka juya filin, aka mai da sanduna gabas da yamma, yadda lungu zai kasance a gefen kowa, ba a bayan kowa ba. Gasar ta ci gaba har cikin shekarun casa'in, ƙungiyoyi suka ƙaru, teloli ma suka ɗauki kofi sau ɗaya, bayan gwiwata ta sallame ni.

Kiran farko ya zo mako biyu bayan sadakar, wata Talata da rana tsaka. Wani tsoho ne mai gyaran takalma, ba shi da dangi a Ankara, mutanen da suka taru ba su kai goma ba. Na bar wando a ƙarƙashin allura na ruga. Na kama gaban makara ta hagu, na ɗago kai, sai ga direban a dama, ashe yana gari. Muka ratso filin, ba kowa a cikinsa sai awaki. Ban saba ba, kafaɗata ta fara rawa tun kafin mu kai tsakiya, kuma ba mai karɓa ta. Bai dube ni ba, ya dai rage tsawon takunsa ya daidaita da nawa. Ya ce a hankali, “Ƙanena, kada ka yi sauri. Za mu kai shi.”